Idan Sakamakon Jarrabawa Ya Zo Ba Daɗi, Me Za Mu Faɗa Wa Yaranmu?

Wata rana ina aikin dare aka kawo mana wata yarinya 'yar shekara 17. Kwana uku ba ci ba barci, jiri na ɗibarta. Muka yi gwaje-gwaje, ba zazzaɓi ba komai. Sai da na zauna a gefen gadonta sannan ta ce, "Anti, na faɗi JAMB. Baba ya ce na yi masa asarar kuɗi."

Nan take na tuna kaina. Ni ma sai da na maimaita Kemistiri kafin na samu shiga makarantar koyon aikin jinya. Ranar da sakamakon ya fito, abin da mahaifiyata ta ce kawai shi ne, "Ci abinci tukuna, gobe ma yi magana." Wannan kalmar ce ta riƙe ni.

Iyaye, mu sani ba ɗanmu kaɗai ba ne. A jarrabawar JAMB ta 2025, cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.9, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Daga baya hukumar ta amsa cewa an samu matsalar na'ura a wasu cibiyoyi, shugabanta Farfesa Is-haq Oloyede ya nemi afuwa, aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa. Yara nawa aka riga aka zaga a gida kafin gaskiya ta fito?

A asibiti ba ma yi wa marar lafiya faɗa don jikinsa ya yi zafi, musabbabin muke nema. Haka ya kamata mu yi wa sakamako. A ranar farko a bar faɗa, a bar kwatanta shi da ɗan maƙwabta. Idan hankali ya kwanta, a zauna tare a duba takardar. Wane darasi ne ya ba shi wuya? Bai gane ba ne, ko lokaci ne ya ƙure masa, ko bai saba da kwamfuta ba? Kowanne da maganinsa.

Sannan a nuna masa hanyar da ta rage. Wanda bai haɗa kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi ba, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, kuma makarantu da dama suna karɓar sakamakon zama biyu. A tsara masa ɗan karatu kullum, a yaba masa duk abin da ya gyara, komai ƙanƙantarsa.

Amma idan yaro ya daina ci da barci, ya kulle kansa a ɗaki, ko ya fara cewa gara ya mutu, kada a ce shagwaɓa ce. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Da safe mahaifin yarinyar nan ya zo. Na ja shi gefe na ce, "Alhaji, jarrabawa ana sake ta baɗi, amma 'yarka guda ce." Ya yi shiru, sannan ya shiga ya zauna kusa da ita, ya buɗe mata kwanon abinci da hannunsa.