Sirrin Fitilar Ƙwai

'Yan'uwana mata, ko kun san abin da ya sa iskar hunturu ba ta kashe fitilar ƙwai a tsakar gida, alhali aci-balbal da an hura ta mutu? Ku dubi bututu biyun nan na gefenta. Ba ado ba ne. Su ke ɗauko iska daga sama su kai wa lagwani ta ƙasa, ƙwan kuma ya kāre wutar.

To, yau fitilar sola ta shigo Jabo da Tambuwal. In za ku saya wa 'yar makaranta, kada kwalliya ta ruɗe ku. Ku duba makunni, da mariƙi, da kafar da ruwan sama zai bi. Mai yawan tarkace ita ke fara lalacewa, yarinya ta rasa karatun dare.