Shin Birnin Kano Gari Ne Mai Tsarki Irin Makka Da Madina?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a ƙasar Ɗambatta. Lokacin da ɗana ke jinya na yi bakance, in ya warke zan je birni a ƙasa in yi sallah a Babban Masallaci, don na taso ina jin ana cewa Kano garin waliyyai ne. Ya warke. Wajibi ne in tafi?

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya.

Ɗan'uwa, Kano tana da falala, ba a musun wannan. Sarki Gijimasu (1095-1134) shi ya fara gina ganuwa, a lokacin kuwa ana bautar Tsumburbura a Dala. Littafin Tarihin Kano ya kawo cewa Wangarawa daga Mali suka zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Sai Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, ya kafa kasuwar Kurmi. A zamaninsa Shehu Magili ya sauka a birnin, ya rubuta masa littafi a kan yadda sarki zai yi mulki bisa shari'a. Tun daga nan almajirai ba su daina shiga ta ƙofofin nan neman Alƙur'ani da fiƙihu ba. Mu ma ta Ƙofar Ruwa muka shiga da allonmu.

Amma falalar ilimi daban, tsarkin wuri daban. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa masallatai uku kaɗai ake ɗaura niyyar tafiya dominsu: na Makka, na Annabi (SAW) a Madina, da Masallacin Ƙudus. Su ne aka ninka ladan sallah a cikinsu. Babu nassin da ya ba masallacin Kano wannan, duk da son da muke masa.

Don haka malamanmu na Malikiyya, kamar mai Risala, suka ce wanda ya yi bakancen tafiya wani masallaci ban da ukun nan domin sallah, ba zai tafi ba, a ƙasa ko a kan abin hawa. Ya sallace ta a inda yake. To, ka yi sallar da ka ambata a masallacin garinku, ka sauke nauyi ke nan, ba sai ka bar gonarka da damina ba.

In Allah ya kai ka birni wata rana, ka zauna a zauren wani malami ko da darasi ɗaya ne, ka yi wa magabatan da ke kwance a maƙabartun birnin addu'a. Wallahu a'alam.