Daga Sumar Kai Zuwa Ƙayar Bushiya

Sumar da wanzami yake aske maka da gashin da ke jikin ragon layyarka abu ɗaya ne. Sinadarin da ya gina su, keratin, shi ne kuma ya gina farce da kofato da kuben ƙahon sa. Bambancin yana wajen wa'adi. Silin suma yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, wajen santimita ɗaya a wata, kafin ya faɗi. Na akuya ko kyanwa kuwa ɗan lokaci yake yi ya tsaya, ya zube, wani ya maye gurbinsa. Shi ya sa ba a kai akuyarmu wajen aski.

Tumakin da ake kiwo daga Funtuwa zuwa Malumfashi, wato 'yanƙasa da uda da balami, duk masu gajeren gashi ne mai kaushi, ba sa yin ulu. Duba ragon ɗan ƙasa da kyau: dogon gashin nasa a wuya da ƙirji kawai yake, sauran jikin a kwance luf. Wannan rahama ce a ƙasar da ake zafin bazara, ga ƙarangiya da ke jiran abin da za ta maƙale wa. Tunkiyar Merino kuwa, da aka yi ƙarnoni ana zaɓen irinta don ulu, nata ba ya zuba da kansa. Wani rago mai suna Shrek a New Zealand ya ɓuya a kogo shekara 6, da aka kama shi a 2004 aka sauke masa ulu kilo 27. A 2015 aka samu wani a Ostireliya, Chris, ɗauke da kilo 41, tafiya ma da ƙyar. Ai wannan dako ne, ba sutura ba.

Akwai dai tumakin ulu a Afirka ta Yamma: na Fulanin Masina a Mali, waɗanda ake saƙa barguna da gashinsu.

Ƙayar bushiya da ta beguwa gashi ne da ya yi tauri. Ƙahon karkanda ma keratin ne a dunƙule, ba ƙashi a cikinsa, amma a kansa mafarauta suka kusa ƙarar da dabbar.

Ƙaurin da ke cika unguwa idan ana babbakar kai da ƙafa ran Sallah, daga sinadarin farar wuta da ke cikin gashin yake fitowa. A nan ma akwai dabarar 'yan kasuwa: ciro zare ɗaya a bakin yadi, ka kusantar da ashana. In ya yi ƙaurin babbaka, ulu ne na gaske. In ya yi warin ƙonannar takarda, auduga ce. In ya narke ya dunƙule, roba aka sayar maka.

Ita kanta audugar da ta yi wa Funtuwa suna, gashi ce a wurin masana tsirrai. Kowane sili ƙwayar halitta guda ce da ta miƙe daga fatar gurya, sai dai ba keratin a ciki. Aikin injin gurza, in ka lura, aski ne.

Majema kuma na da hanya biyu game da gashin fata. Fatar da za a yi jaka ko takalmi da ita, sai an jiƙa ta a ruwan toka an kankare gashin tas kafin a kai ga bagaruwa. Haka ake yi wa fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna ɗauka ta Maroko ce don ta can take isa hannunsu. Buzun malam kuwa da gashinsa ake barinsa, saboda zama da sanyin asuba.

Tsarkiyar goge da ta kukuma ma gashi ce, tsagiyar wutsiyar doki.