Kujerar da Ke Harba Matuƙi, da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Ranar 18 ga Yulin 2021, 'yan bindiga suka buɗe wa wani jirgin yaƙin Najeriya samfurin Alpha Jet wuta a sararin Zamfara, yana dawowa daga farmakin da ya kai a dazukan da ke tsakanin jihar da Kaduna. Jirgin ya faɗi, amma matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya riga ya fice. Kujerarsa ta cilla shi sama, lema ta buɗe, ya sauka a dajin mutanen da suka harbo shi. Ya ɓuya, ya yi ta tafiya cikin duhu yana neman hanya da wayarsa, har Allah Ya kai shi wurin sojojin ƙasa.

Labari irin wannan ne ya sa duk sa'ad da jirgin soja ya faɗi aka rasa rai, sai ka ji ana tambaya a majalisa: "To me ya hana shi dirowa da lema?" Mai tambayar yana ganin kamar akwai wata ƙofa a gefe da matuƙi zai buɗe ya fita in ya ga dama. Ba haka abin yake ba, ko kusa.

Matuƙin jirgin yaƙi a kan abin fashewa yake zaune. A yawancin kujerun zamani akwai wani mariƙi mai launin rawaya da baƙi tsakanin cinyoyinsa. Da ya finciko shi, murfin gilashin da ke kansa zai tashi, ko kuma wata siririyar igiyar nakiya da aka manna a jikin gilashin ta tarwatsa shi. Maɗauran kafaɗa su fizgo shi su haɗa bayansa da kujera, wasu igiyoyin su ja ƙafafunsa ciki don kada su karye a bakin fita. Sai harsashin da ke bayan kujerar ya tashi ya ingiza ta sama a kan wasu ƙarafa, tana fita kuma rokar da ke ƙarƙashinta ta kama, ta ƙara nisanta shi da wutsiyar jirgin. Ƙaramar lema ta daidaita shi, babbar ta biyo baya, kujerar ta sake shi ta yi nata waje. Idan kusa da ƙasa ne, duk wannan bai fi daƙiƙa biyu zuwa uku ba. Idan can sama ne inda iska ba ta isar numfashi, kujerar kan riƙe shi, tana ba shi iskar shaƙa daga 'yar tukunyarta, har sai ya gangaro inda za a iya buɗe lema.

Jamusawa ne suka fara amfana da dabarar: a Janairun 1942 Helmut Schenk ya fice daga jirgin gwaji na Heinkel da kujerar da matsattsiyar iska ke turawa. A shekarar ce kuma Valentine Baker ya mutu a Ingila yana gwada wani jirgi, mutuwar da ta karkata hankalin abokin kasuwancinsa James Martin ga ceton matuƙa. Kamfaninsu, Martin-Baker, ya ce kujerunsa sun ceci mutum fiye da 7,000 tun daga 1949. Har wani lakataye na musamman yake bai wa duk wanda ya tsira, abin da ba wanda ke addu'ar samu.

Sai dai jiki yana biyan kuɗin wannan ceto. A lokacin harbawar, nauyin mutum kan ninka sau 12 zuwa 14, a tsofaffin kujeru ma ya haura haka. Mai kilo 70 ke nan sai gadon bayansa ya ji kamar an sauke masa buhun masara goma lokaci guda. Shi ya sa tsagewar ƙashin baya ta zama ruwan dare a cikin waɗanda suka fice, ga ciwon wuya da hular kwano mai nauyi ke ƙara tsanantawa. Wasu kan koma tuƙi bayan jinya, wasu kuwa daga ranar sun yi sallama da sararin sama. Girman jiki ma yana da tasiri. A 2015 Amurka ta dakatar da matuƙan da ba su kai kilo 62 ba daga tuƙa jirgin F-35, saboda gwaji ya nuna kujerar na iya karya wuyan mara nauyi, har sai da aka yi mata gyara.

Babbar matsalar ita ce kujerar tana da iyakar da take aiki a cikinta, kuma iyakar ƙunci gare ta. Ana tallar kujerun zamani da cewa ko jirgi na tsaye cik a ƙasa za su iya cilla mutum sama har lema ta buɗe. Gaskiya ne, amma da sharaɗin jirgin yana zaune daidai, kan matuƙi na kallon sama, kuma ba ya nitsowa ƙasa da gudu. Kujera dai inda kan matuƙi ya nufa can take harba shi.

Dubi abin da ya faru da Kara Hultgreen, ɗaya daga cikin matan farko da suka tuƙa jirgin F-14 a rundunar ruwan Amurka. Ranar 25 ga Oktoban 1994 tana shirin sauka a kan katafaren jirgin ruwan Abraham Lincoln, kusa da gaɓar San Diego, sai injin hagu ya tsaya, jirgin ya fara kifewa. Jami'in da ke zaune bayanta ya ja mariƙi. A tsarin jirgin, na baya ke fara fita, na gaba ya biyo bayan ƙasa da rabin daƙiƙa, don kada kujerun su yi karo. Shi ya fita jirgin bai gama juyawa ba, ya rayu. Kafin tata kujerar ta tashi jirgin ya wuce kan gefensa, sai ta harba ta kai-tsaye cikin teku. Kujera iri ɗaya, jirgi ɗaya, ba abin da ya lalace a jikin na'urar. A Abuja ma, lokacin da jirage biyu samfurin F-7 suka gogi juna a atisayen bikin 'yancin kai a Satumban 2018, matuƙa uku ne suka fice, amma Bello Mohammed Baba-Ari ya rasu sakamakon raunukan da ya ji.

Gudu shi ma iyaka ne. A 1995 Brian Udell ya fice daga F-15 da dare a kan tekun Atlantika, jirgin na gudun da ya zarce na sauti. Iska ta tuɓe masa hular kwano, ta gurɗe masa hannu, ta ragargaza masa ƙafafu, ya yi sa'o'i a ruwa kafin a tsamo shi. Abokin tafiyarsa Dennis White nan take ya cika.

Masu binciken haɗurran jiragen soja sun daɗe suna nanata cewa abin da ya fi kashe masu ficewa shi ne jinkiri, ba lalacewar kujera ba. Sojin saman Amurka na koya wa matuƙansu su fita tun suna sama da ƙafa 2,000 idan jirgin na saituwa, idan ya ƙwace kuwa tun daga ninkin haka sau uku ko fiye. Duk da haka mutane na jira. Matuƙi yana ganin saura ƙiris ya tada injin. Ya san jirgin na miliyoyin daloli ne, ya san kwamitin bincike na jiransa, kuma ba ya son a ce ya gudu ya bar abin da zai gyaru. Wani lokaci gidajen mutane ne a ƙarƙashinsa, yana ƙoƙarin karkatar da jirgin zuwa fili. Ni ban ga yadda wanda ke zaune a inuwa zai zargi irin wannan mutum ba, domin shawarar da za mu kwana muna juyawa shi a daƙiƙa uku ake so ya yanke ta, ƙararrawa na kuka a kunnensa.

Ba a ce na'urar ba ta gazawa ba. A Nuwamban 2011 kujerar Sean Cunningham, matuƙi a tawagar wasan jirage ta Red Arrows a Ingila, ta tashi da shi jirgin na tsaye a filin Scampton. Ya kamata ya sauko lafiya, amma lema ta ƙi buɗewa saboda wani noti da aka ɗaure ya yi tsauri fiye da kima. A 2018 kotu ta ci tarar Martin-Baker fam miliyan 1.1. Harsasai da rokokin kujera suna da wa'adi kamar magani, lema na buƙatar a warware ta a duba a sake naɗewa, don haka rundunar da ke ƙwauron kuɗin gyara tana wasa ne da ran yaranta.

Sannan duk wannan bayani ya shafi jiragen yaƙi ne da na koyo kawai. Jiragen dakon sojoji da na sintiri ba su da irin wannan kujera. Ba ta cikin C-130 ɗin da ya faɗi a Ejigbo ta Legas a Satumban 1992 ya hallaka mutum fiye da 150, akasarinsu hafsoshi. Ba ta cikin King Air ɗin da ya faɗi a Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021 da Babban Hafsan Sojin Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da wasu mutum goma. A jirage masu saukar ungulu kuwa farfela ce ke juyawa a kan matuƙi. Rashawa sun ƙera Ka-52 yadda nakiya za ta fara tsinke fukafukan farfelar kafin a ciro mutum, amma sauran jirage masu saukar ungulu da ke kai sojoji Sambisa da Birnin Gwari, idan injin ya tsaya, sai dai matuƙi ya nemi fili ya lallaɓa ya dire da kowa a ciki.