Wayar girke za ta yi shiru a Birtaniya: me za a sa a madadinta?

Kamfanin BT ya tsayar da 31 ga Janairun 2027 a matsayin ranar rufe tsohon tsarin wayar tarho na Birtaniya, wanda ke bi ta cikin igiyar tagulla daga cibiyar haɗa layuka zuwa falon mutum. Da farko ƙarshen 2025 aka sa, amma a watan Mayun 2024 aka ɗaga. Tun a Satumban 2023 aka daina sayar da sabon layi irin na da a faɗin ƙasar. Hujjar kamfanin ita ce kayan aikin sun tsufa, an daina ƙera kayan gyaransu, injiniyoyin da suka san kansu kuma suna ta yin ritaya. Ba Birtaniya kaɗai ba ce. A Faransa, kamfanin Orange ya daina ba da sabon layin tun Nuwamban 2018, yana kuma shirin gama rufe layukan tagulla zuwa 2030. A Amurka, AT&T ya ce zai janye daga tagullar a yawancin yankunansa kafin ƙarshen 2029.

Wanda ya tashi a Kano ko Zinder zai iya jin wannan labari ya ɗaga kafaɗa. Mu wayar girke ba ta taɓa zama ruwan dare a gidajenmu ba. Kafin zuwan GSM a 2001, layukan NITEL da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma lambar da ta fara da 064 ko 062 sai a ofis ko a gidan mai hali. Salula na zuwa muka tsallake wannan zangon gaba ɗaya. Sai dai 'yan'uwanmu da yawa suna zaune a Landan da Manchester da Birmingham, wasu da iyayensu a gida, wasu kuma aikin kula da tsofaffi ne ke ci da su. Wasiƙar kamfanin waya za ta iso ƙofar da suke shiga kullum, kuma sau da yawa su tsohuwar gidan za ta miƙa wa ta ce su karanta mata.

Akwai wani abu da tsohuwar wayar ke yi wanda ba a cika lura da shi ba sai an rasa. Igiyar tagullar da ke ɗauko murya tana ɗauko wuta tare da ita, kimanin bolt 50, daga manyan batura da janaretocin cibiya. Shi ya sa wayar nan mai igiya a murɗe ba ta da fulogin da ake sokawa a soket ɗin wuta, kuma ko unguwa ta yi duhu ƙirin, ka ɗaga kan wayar za ka ji ƙugin layi. Sabon tsarin ya mayar da murya ta zama bayanan kwamfuta masu bi ta intanet. Ana cire wayar daga jikin bango a soka ta a bayan rauta, na'urar da ke raba intanet a cikin gida. Ita kuwa rauta da wutar gida take aiki. Idan layin fiba aka ja wa gidan, akwai wani ɗan akwati kuma a jikin bango wanda shi ma wuta yake sha, domin zaren gilashi haske yake ɗauka, ba ya ɗaukar lantarki. Wuta na ɗaukewa, waya ta mutu.

Turawa sun koyi wannan darasi da zafinsa. A Nuwamban 2021 guguwar da aka sa wa suna Arwen ta katse wutar gidaje kusan miliyan ɗaya a Scotland da arewacin Ingila, wasu suka haura mako guda a cikin duhu da sanyi. Waɗanda aka riga aka mayar sabon tsarin sun wayi gari ba wayar gida, salular ma ba sabis, saboda batiran turakun sadarwa sun ƙare. A Maris 2022 BT ya dakatar da sauyin na wani lokaci ya ba da haƙuri. Abin da ɗan Fagge ya sani tun yana yaro, cewa duk abin da ke jingine da wutar NEPA sai an yi masa tanadi, shi ne manyan injiniyoyi suka zo suna tattaunawa a ɗakunan taro.

Hanya mafi sauƙi ga mai neman madadi ita ce ya bar kamfaninsa ya mayar da shi. BT na kiran nasa tsarin Digital Voice, Virgin Media da Sky da sauransu kowa da irin nasa. Lamba ba ta canzawa, yawancin wayoyin da ake da su suna ci gaba da aiki, murya ma ta fi fita tangaram. Wanda ba shi da intanet kuma ba ya so, ba a tilasta masa sayen sa. Ana haɗa masa layin da zai ɗauki waya kaɗai. Abu guda da ke ba mutane haushi shi ne soket-soket ɗin waya da aka ja zuwa ɗakin kwana da kicin galibi sukan daina aiki. Sai dai a sayi waya marar igiya mai kawuna biyu ko uku, ko a nemi ɗan adafta daga kamfanin.

Akwai kuma ƙananan kamfanoni masu sayar da kiran intanet zalla. Kana da intanet daga wani wuri, sai ka ɗauki lambarka ka kai musu, ka sayi adaftar da ke haɗa tsohuwar waya da rauta. A Amurka Ooma da Vonage da magicJack sun daɗe a wannan kasuwa. Sun fi araha, wasu ma suna barin lambar gida ta yi ƙara a salularka ko kana Abuja hutu. Amma sai mai ɗan sanin kan na'ura, don in abu ya lalace, mai intanet zai ce laifin mai waya ne, mai waya ya ce na mai intanet ne, kai kuma kana tsakiya da waya a kunne.

Sai wayar tebur mai cin sim, irin wadda Starcomms da Multi-Links suka cika shaguna da ita a Najeriya a shekarun 2000. Tana da batir a ciki, tana da manyan madannai, ba ruwanta da rauta. Ga dattijon da hannunsa ke rawa ko idonsa ya yi rauni, ta fi salular shafawa nesa ba kusa ba. A tabbatar dai tana aiki da 4G, domin kamfanonin Birtaniya sun kashe 3G ko suna kan kashewa, 2G ma an amince za a rufe shi nan da 2033.

Mafi yawan matasa kuwa ajiye wayar gidan za su yi kawai su riƙe salula, kuma ba su yi laifi ba. Gidan da kowa ke da lafiya, sabis kuma na kamawa a kowane ɗaki, biyan kuɗin layi duk wata asara ce.

A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne fara lissafi daga farashi. Bambancin 'yan fam-fam ne a wata. Tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce: wa ke cikin gidan nan wanda zai buƙaci kiran taimako da tsakar dare, wuta a ɗauke, ba kowa kusa?

A Birtaniya mutum kusan miliyan biyu ne ke amfani da na'urar neman agaji, wani ɗan maɓalli ja da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a hannu kamar agogo. Tsohuwa ta zame a banɗaki, ta kasa tashi, sai ta danna. Akwatin da ke falo ya buga wa cibiyar agaji ta layin waya, wata murya ta fito daga lasifika tana tambayar ko lafiya. Da yawa daga cikin waɗannan akwatuna an ƙera su ne don tsohon layi, da wasu ƙananan sautuka suke magana da cibiyar, kuma sautukan kan hargitse idan suka bi ta intanet. Masifar ita ce akwatin zai ci gaba da nuna koriyar fitilarsa kamar komai lafiya. Bayan an samu munanan aukuwa, a Disamban 2023 gwamnati ta sa manyan kamfanonin suka rattaba hannu kan alkawarin ba za su sauya wa mai irin wannan na'ura layi ba sai an tabbatar za ta yi aiki. Alkawari dai a takarda yake. Kamfanin waya ba lallai ya san akwai na'urar a gidan ba, tunda ƙaramar hukuma ce ko wani kamfani daban ya girka ta. Wanda ke kula da tsohon shi ya kamata ya buga ya faɗa musu, ya kuma sanar da masu na'urar. Ranar da aka yi sauyin, kafin injiniya ya fita daga gidan, a danna maɓallin a ji an amsa. Haka ƙararrawar ɓarayi da ta gobara, da wayar cikin lifta, da tsohuwar na'urar karɓar kuɗi da kati a shago, duk a bincika ko ta layin suke bi.

Hukumar Ofcom, mai sa ido kan harkar sadarwa, ta wajabta wa kamfanoni su tanadi hanyar da mutum zai iya kiran lambar gaggawa ta 999 na aƙalla awa ɗaya bayan ɗaukewar wuta, kuma kyauta ne ga wanda ya dogara da wayar gida, misali marar salula ko mai zama inda sabis ba ya kamawa. Wasu batir suke bayarwa a haɗa da rauta, wasu kuma waya mai sim a ciki wadda ke komawa kan sabis ɗin salula da kanta. Ba kasafai suke tallata wannan ba, sai ka tambaya. Awa ɗaya kuma ba ta taka kara ta karya ba ga wanda ya ga abin da Arwen ta yi. Rauta ba ta da cin wuta, kimanin wat 10 ne, don haka ƙaramin batirin ajiya da aka yi dominta zai iya riƙe ta sa'o'i da dama. Mutanenmu a Kaduna da Yamai sun daɗe suna wannan dabara.

Tsohon layi yana da wata baiwar kuma: ya san adireshinsa. Ka kira 999 ko ka kasa cewa uffan, mai amsawa yana ganin lambar gida da sunan titi. Layin intanet kuwa ana iya ɗaukar sa a koma wani gari da shi, don haka adireshin da aka rubuta wa kamfanin shi zai fito. Wanda ya tashi daga gida bai sabunta ba, motar asibiti za ta tafi tsohon gidan. WhatsApp kuma, duk da shi ne wayar zumuncinmu, ba ya kiran 999 ko 911 ko 112.

Maganar zumunci, a duba farashin minti zuwa +234 da +227 kafin a sa hannu. Kakar da ke ƙauye da ƙaramar wayarta mai tocila ba ta da data, sai an kira layinta kai tsaye, kuma bambancin farashi tsakanin kamfanoni a nan yana da yawa ƙwarai. Masu dogara da Skype don wannan sun rasa shi tun Mayun 2025, lokacin da Microsoft ya rufe shi.

Lambar da ta shekara talatin a gida, wadda likita da banki da dangi suka sani, dukiya ce. Kada a soke tsohon layi da kai. A bar sabon kamfanin ya nemi a miƙa masa lambar, shi zai sa tsohon ya rufe. Wanda ya yi gaggawar sokewa yana da wata guda a dokar Birtaniya ya nemo ta, bayan nan tana iya kuɓucewa.

'Yan damfara ma sun ji labarin sauyin. Suna buga wa tsofaffi suna cewa daga kamfanin waya ne, za a yanke layi gobe in ba a biya ba ko in ba a ba da lambar katin banki ba. Sauyin da kamfaninka ya yi maka ba a biyan ko sisi a kansa. A kife wayar, a ɗauko takardar kuɗin wata, a kira lambar da ke jikinta.