Lissafin Alkamar Bahindiye da Lambobi Bakwai da Ke Cikinsa

Alƙali Ibn Khallikan, wanda ya rasu a Dimashƙa a shekarar 1282, ya kawo hikaya a cikin littafinsa Wafayatul A'ayan, cewa wani mai hikima a ƙasar Hindu, Sissa ɗan Dahir, da ya ƙago wasan shaɗaranji, wato irin darar nan da ake yi a kan allo mai gida sittin da huɗu, sarki ya ce ya faɗi tukuicin da yake so, shi kuwa ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na ƙarshe. Sarki ya raina wannan roƙo, har sai da masu lissafinsa suka zauna da alƙalami suka ga duk rumbunan ƙasar ba su isa ba. Alƙalin kansa ya ce ya yi shakkar lamarin, sai da wani masanin hisabi na Iskandariyya ya warware masa shi filla-filla.

Adadin da ake magana a kansa shi ne 18,446,744,073,709,551,615, wanda masani Albairuni ya riga ya fitar da shi tun wajen shekarar 1000. In da mutum zai ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana, ba barci ba hutu, da sai ya haura shekara biliyan 580 bai gama ba. Sirrin tarawar kuwa mai sauƙi ne, domin kowane gida ya fi jimlar duk waɗanda suka gabace shi da ƙwaya ɗaya rak: ɗaya da biyu da huɗu bakwai ne, gida na huɗu kuwa takwas. Saboda haka jimla duka ita ce biyu sau biyu sau biyu, har biyun ta zo sau sittin da huɗu, ɗaya babu. Wannan kuma shi ne iyakar abin da kwamfuta za ta iya ajiyewa a gurbi sittin da huɗu.

Amma a ganina girman ba shi ne abin mamaki ba, don ko yaro yana iya jera sifiri har takarda ta cika. Abin lura shi ne yadda wannan ƙaton adadi yake rabuwa. Da farko ya tsage gida biyu, 4,294,967,295 sau 4,294,967,297, maƙwabta ne waɗanda biyu kaɗai ta raba su. Na farkon kuma ya warwatse zuwa 3, da 5, da 17, da 257, da 65,537, kowaccensu lamba ce gagara-rabo, wadda ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kanta. Mai karatu ya gwada da kansa: uku sau biyar, a ƙara biyu, sha bakwai, uku sau biyar sau sha bakwai, a ƙara biyu, 257, haka silsilar take tafiya, kowace tana haifar mai bi mata.

Wannan tsari ne ya ruɗi Piyer Fermat, masanin shari'a a birnin Tulus na Faransa, har ya zaci a shekarar 1640 cewa duk 'ya'yan wannan silsila gagara-rabo ne, har da 4,294,967,297, ko da yake, a yi masa adalci, ya yarda ba shi da cikakkiyar hujja. Zancen ya zauna haka shekara casa'in da biyu, sai a 1732 Leonhard Euler, mutumin Suwizalan da ke aiki a Rasha, yana ɗan shekara ashirin da biyar, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ne ke ba da ita. Da haka tukuicin Bahindiye ya tabbata ginin lambobi bakwai ne, babu wadda ta maimaitu a ciki. Tun daga ranar masana ke ta bin silsilar, da alƙalami sannan da na'ura, ba su kuwa sake cin karo da gagara-rabo ko ɗaya ba bayan 65,537.