Rigar da ta kumbura a sararin samaniya

Ranar 18 ga Maris, 1965, Alexei Leonov ya bi ta ƙofar kumbon Voskhod 2, ya fita fili yana shawagi. Kafin shi babu ɗan Adam da ya taɓa yin haka. Igiya mai tsawon kimanin mita 5 ce kaɗai ta haɗa shi da kumbon, inda abokin tafiyarsa Pavel Belyayev ke jiransa. Tarayyar Sobiyet ta yi ta guɗa, amma ba ta gaya wa duniya cewa da ƙyar mutumin ya koma ciki ba.

A can sama babu iskar da za ta danne rigarsa daga waje, sai ta kumbura kamar salka, ta sanƙare. Yatsunsa suka zame daga safar hannu, tafin ƙafarsa ya daina taɓa takalmi. Ga mashigar ƙuntatacciya, ga zufa ta jiƙa shi sharkaf. Sai ya murɗa bawul ya rage iskar rigar da hannunsa, alhali ya san hakan na iya sa jininsa ya yi kumfa. Daga baya ya ce bai nemi izinin kowa a ƙasa ba. Minti 12 ya yi a waje.

Tsugune ba ta ƙare ba. Na'urar da za ta sauko da su ta ƙi aiki, dole Belyayev ya tuƙa da hannu. Suka faɗo cikin ƙungurmin daji a yankin Perm, nesa da inda ake jiransu, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Mutanen da suka gama zagaya duniya, sai ga su suna hura wuta suna karkarwa. Kwana biyu suka yi a dajin kafin a fitar da su.

A 2017 Dmitriy Kiselev ya mai da labarin fim a Rasha, Yevgeny Mironov ya fito a matsayin Leonov. An ƙara gishiri, kamar yadda 'yan fim suka saba, duk da cewa wannan miya ba ta bukata. Leonov kansa ya ba su shawara, ya kuma ga fim ɗin kafin rasuwarsa a Mosko a 2019, yana da shekara 85.

Ashe mai zane ne tun yana yaro. Ya tafi da fensiran launi cikin kumbon, kuma a wannan tafiya ce ya zana fitowar rana yadda ya gan ta daga sama.